Jan Ɗigo da Idon Maigidana

Shekarun baya, lokacin da korona ta kulle kowa a ɗaki, muna zaune a Kuala Lumpur, unguwar Taman Melati, hawa na tara. Maigidana soja ne, an turo shi kwas na shekara biyu, ni kuma na biyo shi da 'ya'yanmu mata biyu. Na daɗe ina son in ba ku labarin nan, sai jiya na nemi izininsa. Ya ce in rubuta, amma kada in rage nawa laifin. To ban rage ba, nasa ma ban rage ba.

Tun kafin aurenmu an san shi da kaifin ido. Idan za a yi gasar harbi a barikinsu shi ake turawa gaba. Kofuna biyu ya ciyo, suna nan a gidanmu na Kaduna, ɗaya ma a ciki nake zuba allurai da maɓallai, bai sani ba sai yau idan ya karanta. Akwai kuma wani abu da ba ma maganarsa a gida. Mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa, ya makance shekaru kafin rasuwarsa, hawan jinin ido ne ya cinye ganinsa a hankali. Maigidana ne yake riƙe masa hannu zuwa masallaci duk lokacin da ya zo hutu. Ban taɓa jin ya ambaci wannan da bakinsa ba.

A shekarar korona ta biyu aka ce musu idan an sassauta doka za a yi gasar harbi a ƙarshen kwas, tsakanin hafsoshin ƙasashe daban-daban da ke karatu tare. Aka ce kowa yana iya zuwa da abin saitinsa. Daga ranar gidanmu bai sake jin wata magana ba sai ta wani ɗan gilashi da ake ɗaurawa a saman bindiga. Shi yana ce masa red dot, ni kuwa jan ɗigo nake ce masa, don abin da ke ciki ke nan. Idan ka leƙa za ka ga ɗigo ja a tsakiya, inda ka ɗora shi nan harsashi zai sauka. Kada wani ya zaci akwai bindiga a gidanmu. A Malaysia ba a wasa da wannan ko kaɗan, bindigogi suna can a kulle a makarantarsu. Gilashin kawai zai saya.

Mako biyu ya yi yana zaɓe. Da ya gama darasinsa na kwamfuta sai ya biyo ni kicin da waya a hannu. Ya nuna mini mai buɗaɗɗen gilashi kamar 'yar taga, ya ce ba shi da nauyi amma ruwan sama da ƙura suna damunsa. Ya nuna mini mai kama da ƙaramin gwangwanin tumatir, ya ce wannan ya fi juriya. Ya yi mini bayani cewa ƙaramin ɗigo na nesa ne, babba kuma na kusa ne, idan ana sauri. Ya yi maganar batiri, wanda ke yin shekara da wanda ke mutuwa a wata uku. Ni dai ina tsince shinkafa ina cewa “to”, “ikon Allah”, “ashe”. Mutumin da idan na yi rabin awa ina zaɓen yadi a titin kasuwa na Jalan Tuanku Abdul Rahman sai ya fara duba agogo yana tari.

A ƙarshe ya tsayar da mai 'yar taga. A wurin wani tsoho ɗan China ya saya, mai ɗan kanti a bayan layin masu yadi, inda ake sayar da kayan zango da madubin hangen nesa. Kantuna a rufe suke a lokacin, sai ta waya ake ciniki, mai babur ya kawo. Da kayan ya iso na fesa masa magani na ajiye a baranda har ya sha rana, kamar yadda muke yi wa komai a lokacin, har da burodi.

Da la'asar ya buɗe. Tunda ba bindiga, sai ya ɗauko sandar mofa ɗina ya ɗaure gilashin a kai da roba, ya tsaya daga cikin falo yana saita tankin ruwan benen da ke kallonmu. Yara suna ta dariya, ƙaramar tana cewa, “Abba, shoot lah,” wato ya harba mana. Can sai na ji ya yi tsaki. Ya ce ɗigon ba zagaye yake ba, ya baje kamar tauraro mai wutsiya, an sayar masa da lalatacce. Washegari ya mayar. Tsohon bai yi musu ba, ya aiko masa da mai kama da gwangwani.

Ranar da na biyun ya zo ina falo ina ninke kaya. Ya leƙa, ya goge da gefen rigarsa, ya sake leƙawa. Ya rage haske, ya ƙara haske. Sannan ya ce, “Maman yara, zo ki duba mini.”

Na karɓi sandar mofa na leƙa. Wallahi ɗigo ne tsaf, zagaye kamar ƙwayar gero, ba wutsiya ba gashi. Na buɗe baki zan faɗa, sai na kalli fuskarsa. Shekara goma sha uku muna tare, ban taɓa ganin ya kalle ni haka ba. Kamar yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa yana jiran a buɗe.

A wannan 'yar daƙiƙa abubuwa da yawa suka dawo mini. Na tuna farkon azumi da muka tsaya a baranda bayan magariba muna neman jinjirin wata, ya ce shi kamar biyu yake gani a haɗe, muka yi dariya. Na tuna yadda ya fara miƙo mini kwalbar magani ya ce in karanta masa, wai 'yan Malaysia sun cika ƙananan rubutu. Na tuna yana cewa fitilun jirgin ƙasa na LRT da ke wucewa ta bayan gidanmu sun yi hazo, alhali ba hazo. Duk na ga waɗannan, na tattara na ajiye a gefe.

Sai na ji bakina ya ce, “Eh, ni ma na ga kamar ya ɗan baje.”

Ya sauke numfashi, kafaɗunsa suka sauko. Ya ce, “Kin gani ko? Na faɗa.” Nan take ya ɗauki waya ya kira tsohon. Ya yi masa magana da muryar da yake yi wa kurata a fareti. Ya ce don ya ga baƙo ne shi ya sa yake tura masa jabu, sau biyu a jere. Ya ce zai gaya wa duk abokan karatunsa kada wanda ya sake taka kantinsa. Ina jin muryar tsohon ta cikin wayar, a hankali, ba abin da yake cewa sai “boleh, boleh”, wato ya yarda, a dawo da shi. Na shige kicin na ɗauko albasa na hau yankawa, alhali miya ta riga ta dahu.

Kwana uku na yi ba ni da sukuni. A sallar la'asar ta rana ta biyu sai da na yi sujadar mantuwa, don na kasa tuna raka'a nawa na yi. Ina ta ce wa kaina ai tausayi ne, ai rufin asirin miji ne, mace ta gari ba ta kunyata maigidanta. Amma da na ɗaga hannu zan yi addu'a sai muryar tsohon nan ta dawo mini. Mutum yana zaune a kantin da aka rufe wata da watanni, an kira shi maha'inci, kuma da shaidata aka kira shi.

Ina da maƙwabciya a ƙofar da ke kallon tamu, 'yar Jos ce, Kirista, ma'aikaciyar jinya da ta zo ƙarin karatu. Lokacin kulle ba ma shiga gidan juna. Idan na yi waina sai in rataye mata a hannun ƙofa in ƙwanƙwasa, ita kuma idan ta yi gwate haka take yi mini. Hirarmu daga bakin ƙofa ce, kowa da takunkuminta. Ran nan ta ce ta ga na rame, ko korona ce. Sai na fashe mata da labarin.

Da farko dariya ta yi har da riƙe ƙofa, musamman wurin sandar mofa. Sannan ta daina dariyar ta ce, “Hajiya, in ce dai idan ya gama kwas ɗin nan daji za a mayar da shi?” Na ce eh. Ta ce, “To soja za ki bari ya koma daji da idon da ke ganin abu ɗaya biyu? Da yaran mutane a bayansa, da mutane a gaban bindigarsa?”

Ni duk tunanina a kan tsohon ne da kuma kunyar maigidana, ban taɓa kai tunanina can ba. Da ta ga yadda na yi sai ta sassauta murya. Ta ce wataƙila ma ba wani babban abu ba ne, ita kanta idan ta cire gilashinta danja kamar fure take ganinta. Amma tunda akwai tarihin mahaifinsa, kowane wata da aka ɓata asara ce. Ta ce in ɗauki hoton ɗigon da waya in nuna masa. Ta ce, “Waya ba ta jin nauyin kowa.”

Da maigidana ya shiga darasi na ɗauko gilashin na kunna, na kara wayata na ɗauka. Sai da na ɗauka sau shida. Duka shidan ɗigo ne zagaye. Amma hoton ya kwana biyu a wayata ban nuna ba. Kullum sai in ce bari ya ci abinci tukuna, bari ya gama jarrabawar nan tukuna. Har aka sassauta doka aka buɗe kantuna, ya ce mini gobe da kansa zai je ya mayar, yana son ya kalli tsohon nan ido da ido. Nan na san lokaci ya ƙure mini.

Na yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka, da ragowar kukar da na zo da ita daga gida nake ta lallaɓawa. Na tura yara ɗaki. Ya wanke hannu ke nan na ajiye wayar kusa da farantinsa na ce, “Abban yara, ranar nan ƙarya na yi maka. Ga abin da na gani.”

Ya ɗauki wayar. Ya matso da ita, ya nisanta ta, ya ƙanƙance ido. Wannan kaɗai ya isa ya sa ni kuka, amma na daure. Ya ce wayoyin zamani suna gyara hoto da kansu. Na ce to. Ya ajiye, ya miƙe ya fita baranda ya ja ƙofa. Tuwon nan haka ya huce. Ina hango bayansa ta gilashi, ya dafa ƙarfe yana kallon titi, har aka kira la'asar, har aka kira magariba. Na ce a raina shi ke nan, na fasa abin da ba zan iya ɗinkewa ba.

Bayan ya ja mu sallar magariba, yara suka tashi, bai juyo ba. Yana zaune a kan darduma yana kallon alƙibla ya ce, “Haka Baba ya fara. Fitila ya fara gani da gashi-gashi.” Ya ce ya fi wata shida da sani. Idan ya shiga banɗaki yakan rufe ido ɗaya ya gwada ɗayan da rubutun jikin man goge baki. Ya ce ba makantar ce ta fi ba shi tsoro ba, ranar da ɗaya daga cikin 'yan matan nan za ta riƙe masa hannu ita yake gani. Sannan ya ce, “Da kika ce ya baje na san ƙarya kike. Na san muryarki ta ƙarya, ita kike yi idan na tambayi kuɗin yadi. Amma na ji daɗi da kika yi.”

Ina hawaye sai ga dariya ta ƙwace mini. Na ce ashe ya sani kuma ya kira bawan Allah ya wanke shi tas. Ya sunkuyar da kai ya ce wannan ita ce ta tsayar da shi a baranda tun azahar. Na ce to mu biyu muka yi, mu biyu za mu je.

Washegari muka bar yara, maƙwabciyata tana leƙa su daga ƙofa, muka hau LRT. Ban taɓa ganin Jalan Tuanku Abdul Rahman haka ba. Rabin kantunan yadi a rufe, wasu an manna takardar haya a jiki, waɗanda suka buɗe kuma masu su suna zaune sun zuba tagumi. Kantin tsohon yana cikin wani lungu. Aka gwada zafin jikinmu a ƙofa muka shiga. Ɗan ƙaramin mutum ne, gashi fari fat, da gilashi mai kauri a saman takunkumi. Ba kowa a kantin sai shi da fanka.

Maigidana ya ajiye kwalin a kan tebur, ya tsaya ƙyam kamar yana gaban babbansa, ya ce ba mayarwa ya zo yi ba, haƙuri ya zo bayarwa. Ya ce kayan lafiyarsu ƙalau, idonsa ne. Ni ma na haɗa ɗan Turancin sakandarena na ce ni na ba da shaidar ƙarya, ya yafe mini.

Tsohon ya kaɗa hannu kamar yana korar ƙuda. Ya ce tun na farkon da aka mayar ya kunna ya duba, ya san inda matsalar take. Ya ce duk shekara sai an dawo masa da irin wannan, kuma kusan duka maza ne da suka haura arba'in. Ya miƙa wa maigidana gilashin ya ce ya leƙa, sannan ya juya shi a hannu a hankali kamar yana buɗe murfin kwalba. Idan wutsiyar ta juya tare da shi, laifin gilashi ne. Idan ta tsaya inda take, na ido ne. Maigidana ya juya har ya zagayo. Ya ce ta tsaya.

Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba tun ranar da ake yi masa faɗa. Ya ce, “Ba a gaya wa mutum irin wannan a waya, madam. Ina jira ya zo.” Wato ni tsoro ya sa na yi ƙarya, shi kuwa haƙuri ya yi ya sha zagi yana jiran lokacin faɗin gaskiya. Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina amarya.

Maƙwabciyata ta samo mana likitan ido a satin. Saboda doka ba a bar ni na shiga ba, na zauna a benci a waje, tsakanin kujeru biyu da aka manna wa jan tef. Ban san adadin hasbunallahu da na ja ba. Da ya fito na kasa karanta fuskarsa saboda takunkumi, sai da ya zo daf da ni na ga idanunsa sun yi ja. Ya ce ba ciwon Baba ba ne. Gaban idon ne bai zagaye daidai ba, ya ɗan yi kamar ƙwai, ga kuma shekaru sun fara aikinsu. Gilashi kawai zai sa. Amma likita ta ce saboda mahaifinsa, duk shekara sai an auna masa idon, ba fashi. A bakin asibitin nan, mutane suna wucewa, ya nemi gefe ya yi sujada a kan tayil.

Bayan mako ɗaya gilashi ya fito. Ya koma wurin tsohon da shi a fuska, ya leƙa kala huɗu, cikin minti biyar ya zaɓa. Wanda ya zaɓa kuwa shi ne na farkon nan mai 'yar taga, wanda ya fara kira lalatacce. Tsohon ya ce ya riƙa rage haske, ɗigon ya fi fitowa tsaf. Suka rabu suna ta sunkuya wa juna, tunda ba a musabaha.

Gasar kuma ba a yi ta ba. Cutar ta sake tashi, aka sake kulle gari, kwas ya ƙare a kwamfuta. Jan ɗigon nan bai taɓa hawa bindiga a hannun maigidana ba, iyakarsa sandar mofa. Da za mu taho ya bar wa wani abokin karatunsa ɗan ƙasar, don shigo da irinsa gida sai da takardu. Yakan ce shi ne abu mafi amfani da ya taɓa saya bai yi aiki da shi ba.

Ni abin da ya zauna mini shi ne ranar da ya fara shigowa gida da gilashin. Ina tsaye a kicin ba ɗankwali, ya tsaya yana kallona har na tsargu. Ya matso ya taɓa gefen kaina ya ce, “Wannan furfurar yaushe ta fito?” Na ce ta fi shekara biyu, kullum a gabansa take. Ya ce shi bai taɓa gani ba. Na ce ai da na sani da na bar shi yadda yake.

Har yau idan na tuna nakan yi istigfari. Na ɗauka tausayi shi ne ka faɗa wa wanda kake so abin da zai kwantar masa da hankali a wannan lokacin. Ban lura ba cewa ni kaina nake tausaya wa, don ba na son in ga fuskarsa idan ya ji. Da ciwon mahaifinsa ne, da kwanakin da na yi ina ɓoye hoto a waya daga ganinsa na ɗebe su. Allah ne ya rufa mana asiri, ba dabarata ba.

Yanzu duk shekara ni nake tuna masa ranar awon ido, yana ƙunƙuni ina saka masa takalmi a ƙofa. Ban san ko tsohon nan yana raye ba, ko kantinsa ya tsira daga kullen, amma ina yawan tuna shi da alheri. Allah ya ji ƙan surukina, ya haskaka kabarinsa. Maigidana kuwa har gobe yakan miƙo mini abu ya ce, “Maman yara, zo ki duba mini.” Nakan duba, in faɗa masa abin da na gani.